Ƙusar Askar Baba

Daga Allah muka zo, kuma gare shi ake komawa ɗaya bayan ɗaya. Kawu ya koma ranar Talata da hantsi, a ɗakinsa na Kwandiko, bayan jinyar da ba ta cika wata biyu ba. Kafin azahar mun kai shi makwancinsa.

Kwana uku muka yi a ƙofar gidansa, a gindin ceɗiya, muna karɓar gaisuwa. Duk wanda ya zo sai ya durƙusa, a yi addu'a a shafa, sannan ya girgiza kai ya ce, "Allah sarki, mutum mai haƙuri." Da na farko ya faɗa, na ce haka ne. Da na ashirin ya faɗa, sai na sunkuyar da kai. A rana ta biyu wani malami daga Farin Dutse ya ƙara da cewa marigayi bai taɓa ɓata wa kowa rai ba. Nan ne wani tsohon wanzami da ya zo daga Basirka, zabirarsa a kafaɗa, ya kasa daurewa. Ya rufe baki da hannun riga, kafaɗunsa suna rawa. Aka ɗauka kuka yake yi, aka shiga ba shi baki. Ni da ke kusa da shi na ga dariya ce, ko da yake hawayen na gaske ne.

Ya matso ya ce mini a hankali, "Ɗana, wa suke nufi? Ko dai wani muka binne?"

Abin da ya sa na ɗauki biro ke nan. Ba na son a manta da Kawu, kuma ba na son a musanya mana shi da wani salihin tsoho da ba mu sani ba. Kawu mutumin kirki ne, na shaida. Amma haƙuri, mu ne muka yi shi.

Yayan mahaifiyata ne. Maƙeri ne, gadon gidansu, amma tun kafin a ba ƙasar nan mulkin kai ya bar wa ƙannensa garma da fartanya, ya koma kan abu ɗaya: askar wanzamai, irin mai ninkewa cikin ƙota. A askar ma ba ruwansa da kaifi, wannan aikin mai ita ne. Nasa shi ne ƙotar, fallen ƙaho biyu da yake fiƙewa daga ƙahon da Fulani ke kawo masa, da kuma 'yar ƙusar da ke ratsa fallayen ta ratsa gindin askar ta riƙe su tare. Tsawonta bai kai gaɓar yatsa ba. A kan wannan 'yar ƙusa ya yi rigima da kusan kowane wanzami daga Gwaram har Birnin Kudu.

Baƙin ƙarfe ba ya shiga askarsa, don ruwa da sabulu za su sa shi tsatsa ya cije. Jan ƙarfe ya cika taushi, yana lanƙwashewa a ciki. Alminiyam kuwa ko sunansa ba ya son ji, cewa yake yi ƙarfen tukunyar 'yan gayu ne. Tagulla kaɗai yake so, tagullar ma sai ta ci jarrabawa. Zai sake ta a kan uwar maƙera ya saurari kukanta. Zai karce ta da magagari ya ga ko cikinta da wajenta launi ɗaya ne. Zai yanki ɗan guntu ya daddage kansa da ƙaramar guduma ya ga ko zai baje ya yi abin da yake kira hula, ko zai tsage. In ta wuce duk wannan, sai ya jefa ta cikin wani tsohon kasko mai ruwan sabulun salo da gishiri, ta kwana bakwai. Ba shida ba. Ko gobara ake yi, bakwai.

Tsohon wanzamin nan na Basirka ya ba ni labarin farkon haɗuwarsu. Ya tako keke tun daga garinsu da askarsa mai girgiɗi, ya taho da sifokin keke guda ɗaya fes, don kada a ce babu abin aiki. Kawu ya karɓi sifokin, ya juya shi, ya miƙa masa abinsa.

"Mayar wa keken. Shi ya fi ka bukata."

"Haba maigida, ai ƙarfe ne mai ƙwari."

"Ƙwarin ne ba na so. Kai da ka zo aske kan mutane, ko gada za ka gina?"

Wanzamin ya ce sau uku yana zuwa Kwandiko kafin ya karɓi askarsa. A zuwa na biyu ya yi rantsuwa ba zai sake taka garin ba. Yana faɗa mini haka ya zuge zabira ya fiddo askar, ya buɗe ta, ya riƙe ta a tsaye. Ba ta faɗo ba, ba ta cije ba. Ya ce, "Ka gani? Da ita na aske kan 'ya'ya, yanzu ina aske na jikoki. Sau ɗaya ya sake mata ƙusa. Allah ya ji ƙansa, ya wahalar da ni."

Ba baƙi kaɗai ya wahalar ba. Iya, matarsa, ba ta da wani abin tagulla da ya tsira a ɗakinta. Mariƙin butarta ya tafi. Wani ɗan cokali da ta zo da shi daga gidansu ya tafi. In ta yi magana sai ya ce ai bai ɗauki duka ba. Idan muka je gaisuwa gidan mutane tare da shi, gabana faɗuwa yake yi, domin ana cikin hira za ka ga hannunsa ya kai kan sakatar ƙofa ko hannun akwati yana karcewa da farce. Ranar kasuwar Gwaram kuwa, sai ya bi rumfunan wanzamai ɗaya ɗaya ba wanda ya kira shi. Zai miƙa hannu, a ba shi aska, ya buɗe ya girgiza a gefen kunnensa. In ya ji motsi, sai ya jefa ta a aljihu, ga mutum zaune da rabin kai a aske. Sai an yi ta cacar baki sannan ya zaro wata daga ɗaya aljihun ya ce a ƙarasa da ita. Sai daga baya na gane cewa asaken da yake yawo da su don haka yake yawo da su. Bai taɓa raba wanzami da askarsa ya bar shi hannu banza ba. Amma me zai hana ya fara miƙa ta aron kafin a yi faɗan? Na tambaye shi sau ɗaya. Ya ce in an sha faɗan an fi tunawa.

Yanzu sai maganar askar Baba, wadda ita ce tsakanina da shi.

Mahaifinmu wanzami ne a Gwaram. Yana da aska da yawa, amma akwai guda ɗaya da ba ya fita da ita kasuwa, tsohuwa, mai siririn baki saboda yawan washi, wadda ya gada daga nasa mahaifin. Da ita ake yi wa duk jaririn da aka haifa a gidanmu askin suna. Da ita aka aske kan Baba, da ita aka aske na Yaya, da nawa, da na ƙannenmu maza da mata. Da Baba ya rasu, Yaya ya gaji zabira, ni kuwa da na ɗan yi firamare na sami aikin kula da sito a garejin wani kamfani da ke shimfiɗa kwalta a wajen Birnin Kudu. Shekarun da kuɗin mai suka shigo ne, kowa na ganin duk abin da ya tsufa ya kamata a sake shi, ni ma haka nake gani.

Ƙusar askar ta cinye, ta fara girgiɗi. Yaya ya kai wa Kawu. Wata ɗaya ya wuce, na biyu ya wuce. Duk zuwan da Yaya zai yi, amsar ɗaya ce: "Ban sami tagulla ba."

Kasuwa kuwa cike take da kaya masu ƙyalli kamar zinariya. Yaya ya sayo sakata, ya sayo mariƙin jaka, ya sayo wani zobe na labule. Kawu yana da mayen ƙarfe da wani direba ya ciro masa daga lalatacciyar rediyon mota, shi ne kaɗai abin zamani da ya yarda da shi. Sai ya kanga shi, kayan su ɗafe. Ya ce, "Baƙin ƙarfe ne aka shafa wa ruwan tagulla. Irin mutanen yanzu."

Wata Asabar na zo gida na tarar da Yaya ransa a ɓace. Na ce ya bar mini. A garejinmu akwai guntayen wani farin ƙarfe da ake zubarwa, mai sheƙi, ba ya tsatsa ko a ruwa ya shekara. Na roƙi shugaban makanikai ya ba ni sanda uku sirara, na naɗe su a takarda, na hau babur zuwa Kwandiko ina jin kaina.

Na gaishe shi, na ajiye a gabansa. Ya kanga mayen ƙarfe. Bai kama ba. Na ce, "Ka gani, Kawu? Kuma ba ya tsatsa. Turawa da shi suke yin kayan asibiti."

"To, Injiniya." Sunan da yake kirana da shi ke nan tun da na fara aiki, kuma ba yabo ba ne. Ya ɗora sanda ɗaya a uwar maƙera, ya ɗauki ƙaramar gudumarsa ya yi ta bugun kanta. Ko gezau. Ya ɗago ya dube ni. "Ina hular?"

"Ai gudumar ce ƙarama."

"In na ɗauko babba, ƙahon zai tsaya yana kallona? Zauna in tambaye ka. Aska tana buɗewa tana rufewa a kan ƙusa, sau nawa a rana, Allah kaɗai ya sani. Suna gugar juna. Dole ɗaya ya cinye. Wanne kake so ya cinye?"

Na ce ba na son kowanne ya cinye, abin da ya sa na kawo mai ƙarfi ke nan.

"Babu wannan a duniya. Ƙusa in ta cinye, in sake wata. Askar ubanka in ta cinye, a wace kasuwa za ka sayo ta? Kwashe kayan asibitinka."

Na fita raina yana tafasa. A gaban Iya ya yi mini wannan, da wasu mutum biyu da suka zo jiran aiki. Aka kira azahar, ya tashi ya tafi masallaci. Ni kuwa na koma cikin maƙera, na ɗauko askar daga cikin ƙwaryar da yake ajiye ta. Iya tana tsaye da muciya a hannu. Ta ce, "Ɗan nan, ajiye. Wallahi na fi ka gajiya da shi, amma ajiye." Na ce kwana biyu kawai, Iya. Na sa a aljihu na tafi.

Ranar Litinin da hutun rana na yi aikin a gareji. Sandar ta fi hujin gindin askar kauri, sai na kai ta injin huda ƙarfe na faɗaɗa hujin. Ban yi tunanin komai ba, minti ɗaya ne. Na zura sandar, na yanke, na ɗauki gudumar makanikai na buga. Kan ƙusar ya ƙi bajewa, na ƙara ƙarfi, sai na ji ƙas. Falle ɗaya na ƙahon ya tsage daga huji zuwa baki. Na cike tsagar da gam, na goge, ta yi kyau a ido. Na kai wa Yaya ina cewa ga abin da aka yi watanni ana jira, an gama shi kafin a gama cin abinci.

Yaya ya ji daɗinta har ya fara fita da ita aiki, abin da Baba bai taɓa yi ba. Ba ta rufa wata huɗu ba. Ƙusar da ba ta yi hula ba ta saki, ta yi ta cin hujin da na riga na faɗaɗa har ya zama kamar ƙwayar wake. Wata safiya Yaya yana aske ƙeyar wani dattijo, askar ta karkace ta rufe a kan yatsansa manuni. Ta yanke shi har ƙashi. Allah ya tsare dattijon. Yaya ya yi kusan wata biyu bai riƙe aska ba, gidaje uku da tun zamanin kakanmu mu ke yi musu aski suka kira wani wanzamin, biyu ba su dawo ba. Har yau yatsan ba ya lanƙwashewa sosai. Bai taɓa yi mini gori ba, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi.

Kawu ya zo duba shi. Ina zaune a zaure. Ya ce a kawo masa askar. Ya buɗe ta, ya ɗaga ta sama ya leƙa hujin, ya daɗe yana kallo. Na shirya wa zagi, na shirya wa "Injiniya." Sai ya rufe ta. Ya naɗe ta a tsumma, ya sa a aljihu, ya bi ta gabana ya fita.

Daga ranar ya daina yi mini magana. In na yi sallama zai amsa, don wannan hakkin addini ne, daga nan ko tari. In na tambayi lafiyarsa sai ya juya wajen Iya ya ce, "Ki ce masa lafiya lau." Mahaifiyata ta je ta roƙe shi, ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya. Ya ce mata shi ba ya fushi da kowa, ba shi da abin faɗa ne kawai. Ta ce to askar fa? Ya ce hujin ya yi faɗi, yanzu sai tagulla mai kauri, kuma bai samu ba. Haka muka ci shekara guda da wani abu.

Ana nan matata ta sami cikin fari. Da ya tsufa, mahaifiyata ta kira ni ɗakinta ta ce, "Ka san dai ba a taɓa aske ɗan gidan nan da wata aska ba. Ban ce haramun ne ba. Amma in aka fara a kan ɗanka, kowa ya san dalili, kuma shi ma zai girma ya ji."

Na rasa ta inda zan ɓullo wa Kawu. Da na je Kano sayayyar sito, sai na sayo masa fitilar gas, irin mai famfo da ake bugawa ta haska tsakar gida kamar rana. A lokacin ko gidan dagaci babu irinta. Na kai, na durƙusa, na ce, "Kawu, na yi laifi. Ga wannan, ba don ta biya ba." Ya karɓa, ya juya ta, ya ƙwanƙwasa tankin da farce, ya zaro famfon ya mayar, ya sake zarowa. Sai ya miƙa wa Iya ya ce, "Ki ce masa an gani." Iya kuwa ta yi ta sa mini albarka. Aka ce mini har maƙwabta suna zuwa tsince shinkafa a haskenta bayan magariba.

Wata biyu bayan haka aka haifa mini ɗa namiji, ranar Alhamis. Na aika Kwandiko a ranar. Ba amsa. Ranar Lahadi Yaya ya je da kansa, ya dawo ya ce ya tarar da maƙera a rufe, Iya kuma ta ƙi fitowa, wai ba ta jin daɗi. Ranar Laraba mahaifiyata ta daina yi mini magana ita ma.

Ranar suna da sassafe mutane suka cika ƙofar gida. Liman ya yi addu'a, aka raɗa suna, aka raba goro, aka yanka rago. Saura aski. Yaya ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya ajiye kaskon ruwa da sabulu, ya jera asakensa, ya zauna yana kallon ƙofa. Rana ta ɗaga. Mata suka fara guna-guni, wata gwaggon matata ta ce su a garinsu ba a barin jariri da gashin ciki har hantsi, ko wanzamin gidan ne bai iya ba? Yaya ya dube ni. Na dubi mahaifiyata, ta kawar da kai. Na ce wa Yaya, "Ɗauki kowacce. Laifina ne, ni zan ɗauka."

Ya ɗauki wata yana wasa ta a tafin hannu, sai muka ji hayaniya daga zaure. Muryar Iya ce, tun kafin mu gan ta.

"Ku zo ku gani! Ku zo ku ga abin da tsohon nan ya yi mini! Abu ɗaya tak da na taɓa samu na jin daɗi a gidan nan!"

Ta shigo riƙe da fitilar gas, inda famfo yake sai rami. Kawu yana bayanta, yana tafiya a hankali kamar ba da shi ake ba, rigarsa duk garin tagulla. Bai gaida kowa ba. Ya wuce wajen Yaya, ya zare askar da ke hannunsa ya ajiye gefe, ya fiddo tsumma ya warware.

Sabuwar ƙota ce ta baƙin ƙaho. A gindinta ƙusa rawaya, mai kauri, da hularta a kowane gefe, sumul kamar an zuba ta. Yaya ya buɗe, ya tsayar da ita. Ta tsaya. Ya girgiza ta a gefen kunne. Shiru. Ya ce bismillahi, aka miƙo yaron, ya jiƙa kan, ya fara. Mahaifiyata ta ja mayafi ta rufe fuska.

Ashe ranar da saƙon haihuwa ya isa, Kawu ya kwance famfon fitilar ya zare sandar tagullar da ke cikinsa. Ya yini yana rage kaurinta da magagari har ta yi daidai da hujin da na ɓata, sannan ya jefa ta a kasko. Kwana bakwai. Ranar sunan da asuba suka cika, kuma bai yarda ya tsame ta ko da daren jajibiri ba.

Da aka gama, ina tsaye a gefe, sai ya juyo ya dube ni, ni kaina, ba Iya ba.

"Injiniya."

"Na'am, Kawu."

"Fitilarka ba ta da wani amfani. Amma sandar cikinta ba laifi."

Can na ce, "Kawu, wata biyu fitilar nan tana gidanka. Tun ranar da na kawo ka ga sandar. Me ya hana ka fara tun lokacin, ka hutar da mu?"

Ya ce, "Ban gama fushi ba."

Sai ya tambaya ina naman suna, don tun safe bai karya ba.

Shekara shida ke nan. Bai sake tayar da maganar ba, ni ma haka, amma bai fasa "Injiniya" ba har ranar da na je duba shi a jinyar ƙarshe. Na tarar ya rame, muryarsa ta shige. Na kawo masa maganin asibiti a kwalba. Ya karɓa, bai dubi maganin ba, ya karce murfin da farce ya ce, "Gwangwani."

Ranar addu'ar bakwai, da mutane suka watse, Iya ta aiko a kira ni. Tana zaune a ɗakinta cikin kayan takaba. Fitilar tana rataye a bango inda take tun ranar sunan, ba ta taɓa bari a jefar da ita ba, kuma ba ta taɓa daina mita a kanta ba. Ta jawo wani ƙunshi daga ƙarƙashin gado ta tura mini. Ƙaramar gudumarsa ce, da magagari, da mayen ƙarfe, da ragowar sandar famfon, kamar tsawon yatsa.

Na ce, "Iya, ai wannan na ƙannensa ne, su ne maƙera."

"Haka na ce masa. Ya ce su hannunsu ya saba da garma, za su fasa ƙaho. Ya ce, 'Ki ba wancan mai gaggawar. Duk cikinsu shi kaɗai ya taɓa ɓata aska, shi ya san ta inda take ɓaci.' Ya kuma ce in gaya maka ƙusar askar ubanka ta kusa cinyewa, ya ji ta ranar sunan 'yar yayanka." Ta share ido da bakin mayafi. "Ko a nan bai iya cewa ya yafe ba, sai ya bar wa mutum aiki."

Gaskiyarsa ne. Da na koma Gwaram na karɓi askar a hannun Yaya na girgiza a gefen kunne, na ji ɗan motsi. Tagullar ta cinye, kamar yadda ya so. Na leƙa hujin, yana nan yadda ya bar shi.

Matar ƙaninmu tana da tsohon ciki, ungozoma ta ce ko yau ko gobe. Na yi gwaji a kan tsofaffin aska huɗu da wanzamin Basirka ya ba ni aro, na fasa ƙota ɗaya, uku sun yi hula. Ragowar sandar kuwa na rage ta na jefa a kaskon Kawu da na roƙo a wajen Iya, da ruwan sabulun salo da gishiri. Na san ta riga ta ci wannan jarrabawar a hannunsa shekara shida da suka wuce. Na sani sarai. Duk da haka hannuna ya ƙi tsamo ta.

Jiya Yaya ya zo har Birnin Kudu a kan babur, ya tsaya a ƙofar ɗakina ko sauka bai yi ba.

"Wai ina askar? In matar nan ta haihu fa?"

Na ce, "Yau kwana huɗu. Saura uku."

Ya ce, "Inna lillahi. Ashe ba mu huta ba." Ya tayar da babur ya tafi.

Allah ya ji ƙan Kawu, ya haskaka kabarinsa da hasken da ba a kwance masa famfo, ya yafe masa wahalar da ya ba mu, mu ma ya yafe mana wadda muka ba shi. Ya ba Iya haƙurin rashinsa, ita da ta ƙarar da nata a zama da shi. Amin.